Ƙafar Illa da Ragunan Layya

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya san abin da baki ya faɗa da abin da ya haɗiye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan labarin zaman da na yi ne a Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom a arewacin Nijar. Na fara rubuta shi da ajami a bayan takardun buhun siminti tun ina can, yanzu na juya shi boko domin ya isa ga waɗanda ba su karanta ajami. Abin da ya fitar da ni daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina ba shi na zauna faɗa ba. Yunwa ba ta da labari sabo.

A tashar Tawa na gamu da Illa. Ba'adare ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, yana komawa bakin aikinsa bayan hutu. Ya dube ni, ya dubi gafakar da ke rataye a wuyana, ya yi dariya.

"Malam, ina za ka da gafaka? Can arewa ba a cin allo, ƙarfe aka ɗauka."

Na ce masa ƙarfen nake nema. Ya matsa ya ba ni wuri kusa da taga, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Daga nan har Abalak bai rufe baki ba, kafin mu isa Agadas na san sunan uwarsa da na ƙannensa da na jakinsu.

A Agadas muka kwana uku muna jiran mota. Ranar ta biyu Illa ya tafi gaida wani ɗan'uwansa, ni kuwa wani mutum mai tsabtatacciyar riga ya same ni a gindin bango, ya ce ba a shiga Arlit neman aiki sai da takardar izini, kuma shi ke bayarwa. Ya nuna mini takarda da Faransanci, da hatimi har biyu. Na ba shi kusan rabin guzurina. Da Illa ya dawo na miƙa masa ina murna. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya zauna a ƙasa don dariya.

"Malam, an yi maka rigakahi. Wagga takarda ta allurar shanu ce."

Ban yi dariya ba a ranar. Amma ban riƙe mutumin a rai ba, domin daga baya na ga cutar da ta fi tasa, mai hatimi na gaske.

Hanyar Arlit kwalta ce da ta mutu aka bar gawarta. Motarmu ta lalace a inda babu ko itacen da zai yi wa akuya inuwa. Wata tsohuwa Ba'abzina ta fito daga wata bukkar tabarma da ban ma lura da ita ba, ta kawo mana nonon akuya a ƙwarya da cuku guda uku. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna ta koma. Har yau ina sa ta a addu'a, ban san sunanta ba.

Abin da na fara hangowa a Arlit duwatsu ne masu shimfiɗaɗɗen kai. Na ce ikon Allah. Illa ya ce ba duwatsu ba ne, ƙasar da aka tono ce aka tara shekara da shekaru. Ya sauke ni a ɗakinsa a unguwar Bukkoki, ɗakin da aka yi da buɗaɗɗun ganguna da tsofaffin kwanoni, ya kai ni wurin shugaban aikinsu, Shef Lawali, mutumin Damagaram, ya ce ni ɗan'uwansa ne. Haka na sami aiki.

Mu ba ma'aikatan babban kamfani ba ne. Na wani ɗan kwangila ne da babban kamfanin ya ba shi aikin shimfiɗa bututun ƙarfe da canza waɗanda suka ruɓe. Mu ashirin da biyu ne. Kowane wata ake sabunta takardarmu, wanda ba a kira sunansa ba ya san ya tashi. An ba mu hular kwano. Takalma masu ƙarfe a baki kuwa, an ce suna hanya, kowa ya yi maneji da nasa.

A ƙofar wurin aikin akwai wani babban allo, kowace safiya mai gadi yana canza lambar da ke kansa. Na tambaya, aka ce kwanakin da aka yi ke nan ba wanda ya ji rauni a wurin aiki. Ranar da na fara, lambar ta haura ɗari biyu. Na ɗaga hannu na ce alhamdu lillahi, wannan wuri akwai kiyayewar Allah. Wani dattijo Ba'abzine da ake kira Agali, wanda ya fi kowa daɗewa a cikinmu, ya miƙo mini hannunsa na dama. Yatsu biyu sun karkace kamar ƙugiya.

"Wannan ya karye allo yana tamanin," in ji shi. "Allo bai ji ba."

Agali yana da tari irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Na ce masa ya je a duba ƙirjinsa, tunda akwai likita. Ya gyara rawaninsa ya ce, "Likita ya duba, takarda ya tafi ofis, wata ya ƙare, suna bai fito ba. Ni ina da yara bakwai, Malam. Tari ya fi sauƙi."

A hankali na gane yadda abin yake. In aka rubuta rauni ɗaya, allo ya koma sifiri, babban kamfani ya aiko masu bincike, ɗan kwangila ya shiga uku, wataƙila a ba wani aikin. Shi ya sa aka yi mana alkawari: in allo ya cika shekara, kowane ɗayanmu zai sami ragon layya. Shekarar kuwa za ta cika ne ana jajibirin Babbar Salla. Ban taɓa yin Salla nesa da gida ba. Na riga na tsara yadda zan soya naman in cika garwa, in ba direban Maraɗi ya kai wa iyalina, su san ban tafi a banza ba. Ina faɗar wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka na fi sauran.

Saura kwana tara, bayan azahar, muna sauke bututu daga mota. Sarƙa ta zame. Bakin bututun ya sauka a kan ƙafar Illa ta hagu, a kan takalmin roba da ya saya a kasuwa. Bai yi ihu ba, wani nishi ya yi kamar an danne sa za a yanka.

Ga abin da har gobe yake ƙona mini rai. Mu goma muna wurin, kuma abin da muka fara dubawa ba ƙafar ba ce. Waige-waige muka yi, mu ga ko jami'in babban kamfani mai farar hula yana kusa. Sai da muka tabbata ba ya nan, sannan muka ɗaga ƙarfen.

Shef Lawali ya iso da sauri. Ya duƙa, ya yanke takalmin da wuƙa, ya ga abin da ke ciki, ya miƙe yana share goshi.

"Ni ban hana kowa magana ba," in ji shi. "Ga waya a mota, wanda ya ga dama ya kira babban kamfani. Amma allo zai koma sifiri. Za a tambayi takalma, ni kuma ba ni na hana takalma ba. In kwangila ta faɗi, dukanmu muka faɗi, har da shi Illa."

Ba wanda ya motsa. Sai ya jawo ni gefe, ya sassauta murya. "Malam, kai yake jin maganarka. Ka yi masa nasiha. Kwana tara ne. Akwai maɗori mai kyau a gari, ni zan biya. Allo na cika, da kaina zan kai shi asibiti."

Na durƙusa kusa da kan Illa. Na ce masa abin da ya sami bawa ba zai kuskure masa ba. Na ce masa Allah Yana tare da masu haƙuri. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma na san inda na koye su. Amma malamin da ya karantar da ni bai ba ni su don in toshe bakin mai rauni ba. Illa ya buɗe ido, gumi yana zuba.

"Bari, Malam, na jiya. Ba ni hana mutum ashirin layya. Ku ruhe ni mu tahi."

Muka kwantar da shi a bayan motar Shef, muka rufe shi da tampol, muka ɗora igiyoyi a kai. Ni na zauna a gefensa. Muka wuce ta ƙarƙashin allon, mai gadi ya ɗaga mana hannu.

Maɗorin ya zo, ya ja, ya ɗaure da kara da tsumma. Ya yi iyakar saninsa, amma ya gaya mini a waje cewa wannan ba karaya ba ce, niƙewa ce, aikin asibiti ne. Na gaya wa Shef. Ya ce Arlit ƙaramin gari ne, ma'aikatan asibiti sun san ciwon ƙarfe in sun gan shi, kafin la'asar labari ya isa kamfani. Kowace safiya in ana kiran suna, in an zo kan Illa, Shef da kansa yake sa masa alamar ya zo. Ya ce alheri yake yi masa, kada a yanke masa kwana.

Ni nake wanke ƙafar safe da yamma. Rana ta uku ta kumbura har ƙauri. Rana ta biyar yatsun suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari. Agali ya zo duba shi, ya tsaya a ƙofa ya ja rawani ya rufe hanci.

"Ƙafa ya mutu," ya ce mini. "Ku kai shi."

Na ce wa Illa zan nemo amalanke. Ya riƙe hannuna. "Kwana huɗu, Malam. Wanda ya yi biyar ya kasa huɗu? In na tahi yanzu, wahalar da na sha ta zama banza, kuma mi zan ce ma mutane?" Na koma wurin Shef, shi ma ya ce kwana huɗu. Na koma ɗaki na yi ta karanta masa addu'a ina tofawa. Ban nemo amalanken ba.

Ranar jajibiri allo ya cika. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, babbar mota ta kawo raguna daga Agadas. Da yake ni ne malaminsu, aka ce in duba kowane rago, ido da kunne da ƙaho da ƙafa, kada wani ya yi layya da mai aibi. Ina cikin dubawa sai Sabi'u, wani Bakano mai surutu da muke aiki tare, ya jawo nasa yana faɗa. Ragon yana ɗingishi da ƙafar baya.

"Malam, don Allah dubi abin da Badamagaren nan ya ba ni. Wannan yana layya?"

Na ɗaga ƙafar, na sa aka kora shi ya yi tafiya. Na ce gurguntar a bayyane take, ba ya layya.

"Ka ji ko, Shef? Ku dama tun kakanninku ba ku iya ba Bakano abin kirki ba."

Shef ya yi dariya. "Bawana, kai da ragon ai kun dace. Kawo shi." Nan take ya karɓi gurgun, ya ba shi wani lafiyayye, ya ce zai mayar wa dillali da kansa, ba a yi wa mutum wasa da ibada.

Na tsaya riƙe da igiya. An kai ƙarar ƙafar rago a gaban kowa, da babbar murya, an saurara, an gyara kafin a sha ruwa. Ni na yanke hukuncin ma. Mai ƙafar mutum kuwa yana kwance a Bukkoki kwana tara, ba wanda ya ambaci sunansa a wurin sai lokacin da aka ce wa zai ja masa ragonsa.

Da safe bayan Idi na yanka raguna bakwai da hannuna, har da nawa da na Illa. A can ba kamar wajenmu suke yi ba, buɗe ragon suke yi a kan sanduna gicciye, a jera su kewaye da wuta ya wuni yana gasuwa. Unguwa ta cika da ƙanshi. Na kai wa Illa hanta, na same shi jikinsa kamar garwashi, yana kiran sunan jakinsu. Na ci naman a ranar. Ba zan ce ban ci ba. Bayan azahar ni da Agali muka ɗora shi a amalanke, domin Shef ya tafi gaisuwar Salla da motar.

A asibitin gari ma'aikaciyar ta kwance tsumman, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce me ya same shi. Na buɗe baki, sai na ji an damƙe gefen rigata. Illa ne, hankalinsa ya dawo daidai wannan lokacin.

"Moto," ya ce. "Moto ta kayar da ni." Babur ke nan a bakin mutanen can.

Ta sake tambaya, ya sake faɗa, ta rubuta. Likita ya zo ya ce me muke jira tun tuni, da an kawo shi ranar farko da yatsu kawai zai rasa. Washegari aka wuce da shi Agadas. Can aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Bayan mako biyu na je ofishin da ke kula da haƙƙin ma'aikata. Mutumin da na samu ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce in da an rubuta raunin ranar da ya faru, da magani da diyya duk suna kan mai aiki. Yanzu kuwa takardar asibiti ta ce babur ne, rajistar aiki ta ce Illa ya yi kwana tara yana zuwa aiki bayan ranar da nake faɗa. Ya ce duk da haka ƙofa ba ta rufe ba, in kawo shaidu, shi ma mai ƙafar ya yi magana da bakinsa.

Na bi abokan aikinmu ɗaya-ɗaya. Wani ya ce yana bayan mota bai gani ba. Wani ya ce ƙaddara ba a kai ta ƙara. Sabi'u bai yi mini ƙarya ba, ya dube ni ya ce, "Malam, kai fa ka yanka mini ragon." Agali kaɗai ya ce zai je, ko da suna ba zai sake fitowa ba.

Na tafi Agadas da wannan albishir. Illa yana zaune a gado, an naɗe dungun da farin ƙyalle. Ya saurare ni, ya girgiza kai. Ashe Shef ya riga ni zuwa. Ya kawo masa sanduna biyu na dogarawa, ya kuma yi masa alkawarin gurbinsa na aiki za a ba ƙanensa Salifu, muddin maganar babur ta tsaya a babur.

"Ƙafa ta tahi, Malam. In ka yi magana gurbin ma ya tahi. Gidanmu mutum goma sha ɗaya ne, wa za ya ci da su? Takardar ofis?"

Na ce masa haƙƙinsa ne. Ya ce, "Ranar da aka ruhe ni da tampol ba haƙƙina ba ne?" Bai faɗa da zafi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sha jin masu ilimi suna cewa lebura ba ya kai rahoton rauni saboda jahilci. Wallahi ba jahilci ba ne. Babu ɗaya a cikinmu da bai san inda wayar take ba. An dai zauna ne an yi nazarinmu, an ga mutanen da ke jin kunyar a ce su suka jawo wa jama'a asara, masu ganin faɗar ciwo raki ne, masu sunkuyar da kai in an ambaci haƙuri. Sai aka ɗaure abincin mutum ashirin da biyu a bakin mutum guda, aka ce masa ga waya nan, ba a hana ka ba. Kyawawan halayen da iyayenmu suka ba mu, da su aka yi igiyar. Wanda ya ƙirƙiro wannan allo wataƙila kiyaye rayuka ya nufa. Wanda ya rataya masa rago ya san abin da yake yi.

Ƙarshen wata sunana bai fito ba. Labarin zuwana ofis ya isa inda zai isa. Na ɗaure kayana, na biya Agadas na ɗauki Illa, na raka shi ƙauyensu a gabashin Tawa. Da muka shiga gida uwarsa ta ga sanduna kafin ta ga fuskarsa. Ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da ta tambaya, ya ce moto. Na sunkuyar da kai.

Na kwana biyu. Ranar da zan tafi, Salifu ma ya ɗaure kayansa. Magidanci ne, an yi sunan 'yarsa ta fari bai fi wata ba. Tsohuwar ta rako mu har bakin garka, ta sa mini ƙullin gero a hannu.

"Malam, Illa ya ce kai ka yi jinyarsa kamar uwa ɗaya ta haihe ku. Ga Salifu nan, amana. Ka kula da shi kamar yadda ka kula da wansa."

Ba ta san kudu zan yi ba. Ban ce na'am ba, ban ce a'a ba, na ce Allah Ya tsare.

Muka taka har bakin kwalta, muka zauna a inuwar wata bagaruwa muna jiran mota, shi ta arewa, ni ta kudu. Na ga in na bar shi ya tafi haka, ban san abin da zan gaya wa Allah ba. Na ce, "Salifu, ba babur ba ne." Na faɗa masa komai, sarƙar da tampol ɗin da kwana taran da ragunan, har da nasihar da na yi. Na ce masa ya sayi takalmi mai ƙarfe ko da zai kwana da yunwa, in kuma wani abu ya same shi ya kira waya kafin kowa ya buɗe baki.

Ya saurara yana zane ƙasa da tsinke. Da na gama ya ce, "Na sani, Malam. Yaya ya gaya mini tun ranar da kuka zo."

Na ce to me ya ce maka?

"Ya ce in ta same ni in yi shiru. Akwai ƙanenmu Hamza bayana."

Motarsa ce ta fara zuwa. Na riƙe masa jaka har ya hau.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, ban kuma rage nawa ba. Allah Ya yafe mana. Tamat.